Zazzaɓin Wata da Lissafin da Ke Bayansa

Duk wanda ya tashi a cikin garin Sakkwato ya san daren da ake cewa wata ya yi zazzaɓi. Ana zaune a tsakar gida, farin wata tar kamar a tsinci allura, sai a ga gefensa ya fara cinyewa. Kafin a jima unguwa ta ɗauka. Yara su fito da gwangwanaye da tsofaffin kwanuka suna bugawa, suna bin lungu-lungu suna roƙon rana ta yi haƙuri ta saki wata. Na taɓa tambayar kakata abin da ya haɗa su faɗa, ta ce da ni, “Hanyar rana yab bi, ita ko tak kama shi.” Na riƙe wannan amsa shekaru masu yawa ban nemi wata ba.

Labarin ya girmi kakata nesa ba kusa ba. A shekarar 1830 wasu Turawa biyu 'yan gida ɗaya, Richard da John Lander, suna garin Busa a bakin Kwara aka yi husufin wata. Sun rubuta cewa mutanen gari sun fito da ganguna da ƙaho, suna cewa wata ya bar hanyarsa ya shiga ta rana, ita kuma tana jansa. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, a cikin wannan tatsuniya akwai ƙwayar gaskiya guda: husufi maganar haɗuwar hanyoyi ce. Kamun ne kawai babu shi. Tsakaninmu da wata kilomita 384,400 ne a matsakaicin lissafi, tsakaninmu da rana kuwa kusan kilomita miliyan 150. A daren da muke cewa rana ta kama wata ma, ita tana wani ɓangare, shi yana wani, duniya na tsakaninsu. Ga shi kuma muna karantawa a Suratu Yasin, aya ta 40, cewa bai kamata ga rana ta riski wata ba, kowannensu yana iyo a cikin falakinsa.

To idan ba kamu ba ne, mene ne? Inuwa ce. Malamai kan ce kusufi idan na rana ne, husufi idan na wata ne, ko da yake a bakin jama'a husufi ya haɗe su duka.

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskawa da shi, kamar yadda farin bango ke ɗaukar hasken fitila. A kowane lokaci rabinsa da ke fuskantar rana yana cikin haske, ɗaya rabin yana cikin duhu. Da yake yana zagaya duniya, abin da muke iya hangowa na wannan rabi mai haske shi ke ƙaruwa yana raguwa, daga jinjirin wata zuwa cikarsa, ya dawo ya ɓata, cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44. A nan mutane da yawa ke rikicewa, har da waɗanda suka yi boko: suna zaton inuwar duniya ce ke rufe wata har ya zama siriri a farkon wata. Ko kusa. Jinjirin wata ba shi da alaƙa da inuwar duniya, bayansa ne kawai ya juyo mana. Inuwar duniya ba ta taɓa shi sai a daren husufi.

Daga nan ƙa'ida biyu ke fitowa, kuma duk mai ƙirga kwanan wata zai iya gwada su da kansa. Wata ba ya husufi sai ya cika, a daren sha huɗu ko sha biyar, domin a lokacin ne duniya ke shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta sami damar faɗa masa. Rana kuma ba ta kusufi sai a ƙarshen wata, a kwanakin da ya ɓata, domin a lokacin ne yake giftawa tsakaninmu da ita, tasa inuwar ta faɗo mana. Ba a taɓa kusufin rana ran goma ga wata ba, ba kuwa za a yi ba.

Tambayar da mai kaifin hankali zai yi nan take ita ce: ai kowane wata yana cika, kowane wata yana ɓata, me ya hana a riƙa husufi biyu duk wata? A nan ne zancen yake da daɗi, kuma sai an ɗan rage girman abubuwan kafin ido ya kama shi.

A ɗauki kankana a ce ita ce duniya. Wata zai zama kamar lemon zaƙi, domin faɗinsa kilomita 3,474 ne, nata kuwa 12,742. Nisan da za a ajiye lemon shi ne tsawon kankana 30 a jere, kusan mita tara. A zanen littattafan makaranta ana nuna su dab da juna saboda ƙarancin takarda, shi ya sa ɗalibi ke zaton inuwar ɗaya ba za ta kuskure ɗaya ba. A wannan sikeli rana tana can sama da kilomita uku, girmanta kuma ya kai gini mai hawa goma. Yanzu a ƙaddara hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana faifai ne shimfiɗaɗɗe. Hanyar da wata ke bi yana zagaya duniya ita ma faifai ce, amma an ɗan karkatar da ita da digiri biyar. Digiri biyar kamar ba komai ba ne, sai dai a irin wancan nisa yana iya ɗaga wata sama da shimfiɗar ko ya sauke shi ƙasa da ita da fiye da kilomita 30,000. Saboda haka a yawancin watanni inuwar wata ta saman duniya take wucewa ko ta ƙarƙashinta, shi ma ya wuce inuwar duniya ba ta taɓa shi ba.

Amma karkataccen faifai dole ya ratsa shimfiɗaɗɗe a wuri biyu. Waɗannan mahaɗai biyu su ne ƙofofin husufi. Malaman falaki na Musulmi sun san su tun da daɗewa, suna kiran ɗaya kai, ɗaya wutsiya. Sai cikar wata ko ɓatansa ya dace da yana kusa da ɗaya daga cikinsu, sannan rana da duniya da wata su miƙe a layi guda. Wannan dama tana buɗewa sau biyu a shekara, kusan duk bayan kwana 173, kuma kowace takan ɗauki wata guda da 'yan kwanaki. Shekarar 2025 ta nuna tsarin ƙarara: wata ya yi cikakken husufi ran 14 ga Maris, bayan mako biyu rana ta yi kusufin ɓangare ran 29 ga Maris, aka yi shiru har Satumba, wata ya sake ran 7, rana ta biyo baya ran 21. Idan an haɗa manya da ƙanana, shekara ba ta kasa husufi huɗu, ba ta wuce bakwai.

Sai wani ya ce, ni tun da nake sau nawa na ga rana ta rufe? Gaskiyarsa. Bambancin yana cikin girman inuwoyin biyu. Inuwar duniya babba ce, a daidai inda wata yake faɗinta ya kai nasa sau biyu da rabi, sai ta haɗiye shi gaba ɗaya, kuma duk wanda dare ya yi masa a doron ƙasa zai gani, mutumin Illela da na Alƙahira a lokaci guda. Inuwar wata kuwa tsinin tsinke ce. Kafin ta iso mu ta sirance, bakinta da wuya ya wuce kilomita 270, tana kuma gudu a ƙasa fiye da kilomita 1,700 a awa. Wanda ta bi ta kansa shi kaɗai ke ganin rana ta rufe ruf, kuma komai daɗewa ba ya wuce minti bakwai da rabi. Na gefe sai dai su ga an gutsure ta. An ƙiyasta cewa gari guda kan jira kusan shekara 375, a matsakaici, kafin cikakken kusufi ya sake bi ta kansa.

Akwai wani daidaito a nan da ban taɓa tuna shi ba ban yi tasbihi ba. Faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta daga gare mu shi ma ya ninka nasa kusan sau 400. Shi ya sa a ido girmansu ɗaya, kamar yadda mutum zai ɗaga babban yatsa ya rufe hasumiyar Masallacin Shehu idan yana nesa da ita. Da yake hanyar wata ba cikakkiyar da'ira ba ce, wani lokaci yana matsowa zuwa kusan kilomita 363,000, wani lokaci ya ja baya zuwa 405,000. Idan kusufi ya same shi a kusa, ya rufe rana duka har a ga farin rawanin da ke kewaye da ita. Idan ya same shi a nesa, sai ya kasa, a ga zoben wuta ya zagaye baƙin faifai.

Mu a nan mun ɗanɗana wannan bambanci na 'yan kilomitoci ran Laraba 29 ga Maris, 2006, a ƙarshen watan Safar na 1427. Inuwar ta taso daga Barazil, ta ƙetare teku, ta shigo ta Gana da Togo da Benin, ta ratsa Najeriya ta kan Gusau da Katsina, ta haura Nijar da Chadi da Libiya har Turkiyya. A Sakkwato da hantsin nan, a tsakiyar bazara, na ga rana ta yi laushi, hasken ya koma wani iri kamar na almuru alhali tana sama, zafin ya karye. Amma duhu bai rufe ba, domin muna wajen layin. Mutanen Gusau, da tsakaninmu kusan kilomita 200 ne, su suka ga dare da rana tsaka na ƙasa da minti huɗu. Inda ya fi daɗewa shi ne kan iyakar Chadi da Libiya, minti huɗu da daƙiƙa bakwai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tun zamanin mutanen Babila aka lura cewa husufi yana maimaita kansa bayan wata 223, wato shekara 18 da kwana 11 da awa takwas a lissafin rana. A namu lissafin na Hijira abin ya fi sauƙi: shekara 18 da wata bakwai. A ɗora wata bakwai a kan Safar, an iso Ramadan. A ɗora 18 a kan 1427, an sami 1445. Ƙarshen Ramadan na 1445 ya faɗo ran Litinin 8 ga Afrilu, 2024, ranar da duniya ta zuba ido tana kallon cikakken kusufi a Meziko da Amurka da Kanada. Dangin inuwar nan ce da ta bi ta Gusau. Abin da ya kai ta can shi ne awa takwas ɗin nan na ƙarshe: a cikinsu duniya ta juya sulusin juyinta, sai inuwar ta sauka yamma da inda ta sauka a baya. Za ta dawo ran 20 ga Afrilu, 2042, ta wajen Indonesiya da Filifin.

A tuna abin da muke yi a wannan maraice na Litinin. Ran 29 ga azumi ce, jama'a sun fita bayan gari da kan tuddai suna duban watan Shawwal, ƙasa baki ɗaya ta kasa kunne ga fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Rana ta faɗi a Sakkwato kafin ƙarfe bakwai. Wata kuwa bai gama gittawa ta gaban rana ba sai bayan bakwai da kwata a agogonmu, kuma miliyoyin mutane a wancan ɓangaren duniya suna kallonsa da idonsu yana yin haka. Wato a lokacin da muke dubansa ba a ma haife shi ba. Fada ta sanar cewa ba a ga wata ba, aka cika azumi talatin, aka yi salla ran Laraba 10 ga Afrilu. A wannan shekara gani da lissafi sun yi magana da murya ɗaya. Ba ina cewa a ajiye duban wata a koma kan kalanda ba. Hukuncin yana hannun ma'abotansa, kuma da gani aka umarce mu. Ina cewa ne kusufin rana shi ne lokaci ɗaya tilo da ake kallon haɗuwar wata da rana ƙuru-ƙuru, don haka shaida ce da ke nuna lissafin masana ba kame-kame ba ne. Garin da ke sanar wa miliyoyin Musulmi tsayuwar wata ya fi kowane gari cancantar 'ya'yansa su iya wannan lissafi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a gidan nan. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, ya rubuta cewa Sarkin ya san burujai duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Har gobe akwai dattawa a ƙauyukanmu da ke lissafin damina da taurari.

Na husufin wata ba ya buƙatar dogon bayani, sai abu biyu. Na farko launinsa. Mai zaton inuwa za ta baƙanta shi sai ya ga ya yi ja kamar garwashi, kamar yadda muka gani a daren Juma'a 27 ga Yuli, 2018, lokacin da ya yi awa ɗaya da minti 43 cikin cikakkiyar inuwa, mafi tsawo a wannan ƙarni. Iskar da ta lulluɓe duniya ce ke tanƙwara hasken rana ta shigar da shi cikin inuwar, tana tace shuɗin tana barin jan. Jan da muke gani a yamma idan rana za ta faɗi, shi ne dai ke sauka a fuskar wata. Idan ƙura ta yi yawa a sararin sama sai ya ƙara duhu; bayan dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991, husufin Disambar 1992 ya yi duhun da da ƙyar ake gano watan. Na biyu, a lura da bakin inuwar sa'ad da take shiga: kullum a lanƙwashe yake. Da wannan ne masanin Girka Aristotle ya kafa hujja, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, cewa duniya dunƙulalliya ce.

Na san inda zuciyar wasu ke tsayawa, domin an taɓa faɗa mini a zaure bayan sallar isha'i. Wani dattijo ya ce, “Ɗana, in dai ana sanin ranarshi tun ba a kai ba, ina ayar take?” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai a bangon masallacinmu akwai jadawalin da ke faɗin mintin da rana za ta faɗi ran kaza ga watan kaza, bai hana mu kiran magariba ba.” Sanin lokacin abu bai cire shi daga ikon Mai shi ba. Suratur Rahman, aya ta 5, cewa ta yi rana da wata da lissafi suke. A ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta yi kusufi a Madina, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Ya gyara musu nan take, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci a yi salla da addu'a da sadaka idan an gani. Masana sun bi lissafi baya sun sami wannan kusufi ran 27 ga Janairu, 632, a shekara ta 10 bayan Hijira. Ya zo a wata ruwaya cewa Allah yana tsoratar da bayinsa da su, kuma tsoron da ake nufi shi ne wanda ke mayar da mutum ga duba kansa. A Janairun 2001, bayan husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da mashaya da wuta, wai zunubin masu su ne ya jawo. Wannan abu yana yi mini ciwo har yau, domin an bar abin da aka yi umarni da shi an kama neman wanda za a ɗora wa laifi. A mazhabar Malikiyya da muke kai, sallar kusufin rana a jam'i ake yinta, raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu, daga hantsi zuwa zawali. Ta wata kuwa kowa ya yi nafilarsa a gida. Liman da ya san ranar tun da wuri shi zai iya tara jama'a kafin abin ya yaye.

Saura kashedi, kuma da gaske nake. Husufin wata a kalle shi da ido yadda ake so, ba ya cutarwa. Rana kuwa ko saura siririn gefe ya rage, yana iya ƙona bayan ido, kuma wurin ba ya jin zafi, sai daga baya mutum ya ga tabo a tsakiyar ganinsa. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, haka gilashin da aka turara da hayaƙi, haka hoton asibiti na ƙashi, haka leƙa ta a cikin kwanon ruwa kamar yadda muka saba. Akwai tabarau na musamman da aka yi don wannan aiki. Wanda bai samu ba ya huda kwali da allura, ya ba rana baya, ya bar hasken ya ratsa hudar ya sauka a farar takarda. Ko ya tsaya ƙarƙashin dogonyaro ya dubi ƙasa: duk ɗigon hasken da ya ratso ganye zai koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwansu a shimfiɗe. Masanin kimiyya Musulmi Ibnul Haisam ya yi rubutu a kan wannan siffa kusan shekara dubu da suka wuce.

Ran Litinin 2 ga Agusta, 2027, a ƙarshen Safar na 1449, inuwar wata za ta bi ta kudancin Sifen da Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya, ta daɗe fiye da minti shida a wajen Luksor ta Masar, ta ƙetare Bahar Maliya ta rufe Jidda da Makka. Masu Umara a ranar za su ga duhu ya sauka a Harami da rana tsaka. A Sakkwato ɓangare za mu samu, da hantsi, idan hadarin Agusta ya bari. Wanda zai sake ratsa Najeriya da cikakken duhu sai na 20 ga Maris, 2034, shi kuma ta kudu zai shigo ya nufi Chadi.